Tumatirin da Ya Ƙi Ruɓewa

A bakin hanyar da ke gangarawa rafi akwai wata gona mai ƙofar langa-langa, da wata babbar bishiya a gabanta. Mai gonar dattijo ne da kowa ke kira Malam Kar-a-zubar. Daga bakinsa sunan ya fito. In matarsa ta ɗauko ruwan wanke-wanke za ta watsar, sai ya ce, "Kar a zubar, a kai gindin lemo." In igiya ta tsinke ya ƙulla ta, in ƙullin ya tsinke ya ƙulla ƙullin. A ɗakin ajiyarsa akwai wani gwangwani cike da lanƙwasassun ƙusoshi, waɗanda yake da niyyar miƙewa tun kafin a haifi autarsa.

Tumatir yake nomawa, wani iri dogo mai kaurin ɓawo da ya gada daga mahaifinsa. Da hannunsa yake cire irin kowace shekara, kuma ba ya son a haɗa shi da na kowa, ko da a hira ne.

Shekarar da annoba ta zo, tumatir ya yi albarkar da bai taɓa yi ba. Yana fara nuna aka kafa dokar kulle. Aka rufe kasuwa, motocin da suka saba zuwa ɗauka ba su zo ba. Sauran manoma suka jibge nasu a bakin gona ya ruɓe, wasu har suka ɗauki hoto suka tura wa 'yan'uwa su taya su baƙin ciki. Malam bai iya ba. Kullum da safe shi da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, sai su tsinka su cika kwanduna, su jera a gindin bishiyar nan, su koma ciki saboda an ce a ba da tazara. Duk mai so ya zo ya ɗauka. Haka aka yi mako bakwai. Tumatir ko ɗaya bai ruɓe ba. Kwando ma ko ɗaya bai dawo ba.

Kwandunan kuwa na Inna ne. Da kuɗin ƙwanta ta tara su, shekara da shekaru, har suka kai ɗari da ashirin, kuma kowanne ta shafa masa shuɗin fenti a baki. Huɗu suka rage mata. Ba ta taɓa ƙorafin tumatirin ba, amma ba a yin kwana biyu ba ta ce, "Wai mutane sun ɗauka kwandon ma a gona ya tsiro?"

Bayan an buɗe gari sai injin ban-ruwa ya tsaya. Makanike ya zo ya kwance shi, ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya ce, "Baba, wannan ba gyara yake nema ba, jana'iza yake nema." Ba a sayar da komai ba, don haka babu abin sayen wani. Ba inji kuma babu noman rani.

Auta, wadda ke aikin jinya a birni, ta bugo waya. Ta ce, "Baba, ku yi mini alkawari. In lokacin dashe ya zo babu inji, ku ba da hayar gonar ku dawo wurina. Ba zan yarda ka riƙa jan guga da wannan bayan naka ba." Ya yi ta kwana-kwana, ta yi kuka, ya yi alkawari.

Gidan Auta a hawa na uku yake. Sau ɗaya Malam ya taɓa zuwa. A can ya ga ana zuba ɓawon kayan miya da ragowar abinci a leda, a ɗaure, a kuma biya wani mutum ya tafi da su. Kwana biyu ya yi ya dawo, ya yi mako ba ya cin abinci sosai.

Saura wata biyu dashe aka sanar a rediyo cewa gwamnati za ta ba gonakin gunduma tallafi saboda asarar da suka yi a lokacin kulle. Ranar da aka yi sanarwar, kafin azahar, sai ga Lauya a kan babur.

Lauya ƙanin Inna ne. Ya taɓa yin wata tara yana masinja a kotu, tun daga lokacin bai rabu da biro uku a aljihu da jakar takardu a hammata ba. Ya zauna a kan turmi ya baje fom a cinya.

"Malam, arziki ya zo har gida. Suna, na rubuta. Faɗin gona, na rubuta. Saura shaida." Ya nisanta takardar daga fuskarsa, domin ya manta tabaransa a gida. "An ce, a haɗo da shaidar asara, kamar hoton amfanin gonar da ya lalace." A nan ya tsaya, saboda sauran rubutun ƙanana ne. "Ina hoton?"

"Wane hoto? Ai ni nawa bai lalace ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko ɗaya," in ji Malam, har da ɗan ɗaga kai.

Lauya ya dubi yayarsa. "Yaya, kin ji mijinki. Duk gundumar nan shi kaɗai ya yi asara bai bar mata wari ba."

"Kai dai Lauya marar kotu, faɗi yadda za a yi," in ji Inna.

Yadda za a yi, a cewar Lauya, shi ne a samu tumatir a bar shi ya ruɓe a ɗauki hoto. Ranar Alhamis ta makon jibi ake rufe karɓar takardu, akwai lokaci. A bayan gida kusa da rijiya Malam yana da 'yan kunyoyi da yake shayarwa da guga don kada irinsa ya ɓace, kuma sun nuna.

"Wannan ai ƙarya ce," in ji Malam.

"Asara ka yi ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

"To ina ƙaryar? Hoton ne kawai ya makara."

Malam ya tuna da hawa na uku, da ledar nan da ake ɗaurewa. Ya tashi ya ɗauko bokiti.

Inna ta ce kwandunanta huɗu ba za su leƙa ƙofar gida ba, don haka aka shimfiɗa buhu. Lauya ya ce dole allon sunan gonar ya fito a hoton, allon kuwa a jikin ƙofa yake. Saboda haka aka juye tumatirin a gindin bishiya, aka ce nan da kwana uku rana za ta gama aikinta. Suka shiga ciki cin abinci.

Da suka fito, babu tumatir ko ɗaya, buhun yana nan a ninke, an ɗora masa dutse don kada iska ta ɗauke shi.

Suna tsaye sai ga Tela a kan keke, da ƙulli a bayansa. "Malam, Allah ya ƙara arziki! Mu da muka ɗauka an daina."

Daga can tsallaken hanya Ungozoma ta ɗago hannu. "Inna, na bana ya fi zaƙi! Na ɗebar wa mai jegon nan ta bayan makaranta ma."

"Shaida ce!" Lauya ya daka tsawa. "Shaidar gwamnati kuka kwashe!"

"To Allah ya saka wa gwamnati da alheri," in ji Tela, ya taka kekensa.

Inna ta lura ranar Malam ya ci abincin dare har da neman ƙari.

Bayan kwana uku wasu suka nuna. Wannan karon Lauya ya ce a ɗakin ajiya za a zuba su, allon kuma a ciro shi a jingina in lokacin hoto ya yi. Ya kulle ɗakin da kwaɗo ya jefa mukullin a jakarsa. Abin da bai sani ba, tagar ɗakin da waya aka ɗaure ta, kuma wanda ya ɗaure ya san yadda ake kwancewa.

Ranar farko Malam ya daure. Sau biyar kawai ya zagaya ɗakin. Rana ta biyu ya tsaya a bakin taga yana shinshinawa, ya ce wa Inna, "Sun fara."

"Ai abin da ake so ke nan."

"Na sani. Cewa kawai na yi sun fara."

Inna ta tafi kai ƙwai kanti. Da ta dawo, tun daga nesa ta hango rufin ɗakin ajiya ya yi ja wur. An yanka tumatirin gida biyu-biyu, an jera su a kan kwano layi-layi, kowanne ya kalli rana. Malam yana zaune a inuwa yana goge wuƙa da gefen rigarsa.

"Malam, mene ne wannan?"

"Laushinsu kawai na shiga dubawa."

"Da wuƙa?"

"Tana aljihuna ne."

"Ita ta hau rufi ta jera su?"

Ya sunkuyar da kai. "Innar yara, wallahi na yi ƙoƙari. Ina jin su ta bango."

Lauya ya zo da yamma ya hau tsani ya ɗauki hoton rufin, ko za a iya cewa wani abu. Da ya sauko ya duba wayar, sai ya girgiza kai. "Wanda ya ga wannan, haraji zai ƙara maka."

Kunyoyin bayan gida sun ƙare, kwanaki kuma suna tafiya. Ranar Asabar Lauya ya tafi kasuwa, ya zagaya bayan rumfunan 'yan gwari inda suke zubar da abin da ya lalace, ya cika buhu biyu. Ƙudaje suka rako shi har gida. Ya juye a bakin ƙofa, ya sa Inna ta tsaya a kan hanya da tsintsiya don korar masu godiya, ya tsayar da Malam a gefen tsibin, hannayensa a baya.

"Ɓata rai."

"Ba sai na ɓata ba."

Aka ɗauki hoton. Kafin Lauya ya mayar da waya aljihu, Malam ya ɗauko shebur ya fara kwashe tsibin zuwa ramin taki.

"Ranar Litinin za mu ofis," in ji Lauya. "Abu ɗaya nake roƙonka, Malam. Kar ka ce komai. Gaisuwa kawai. Ni zan yi magana."

Ofishin gona na gunduma ɗaki ɗaya ne dogo. A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo da sabulu a ɗaure da zare. A ƙasa an zana da'irori da farin fenti don ba da tazara, sun fara gogewa, amma Malam ya nemi tasa ya tsaya a tsakiyarta kamar an dasa shi. Inna ta zauna a benci. Fanka tana juyawa a hankali, tana ɗaga gefen takardun da aka danne da kofin shayi.

Mai karɓar takardun Malamar Gona ce, matashiya mai sanyin murya, da takunkumi a fuska. Ta gaida Malam har da ɗan rusunawa, ta karɓi fom, ta karɓi wayar Lauya.

"Ranki ya daɗe," in ji Lauya, "kamar yadda doka ta tanada, ga shaida a bayyane. Wanda nake wakilta ya tafka asara mai girma."

Malamar ta sa yatsu biyu ta faɗaɗa hoton. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Sannu, Baba. Ashe irin nan zagayayye mai ruwa kake nomawa? Shi ya sa. Ai shi ba ya kwana uku."

Malam ya cije leɓe. Lauya ya taka masa ƙafa.

"Ni da na ji ana yabon tumatirin gonarka," ta ci gaba, ba da wata manufa ba, tana neman biro. "Ashe duk ɗaya ne da na kowa."

"Ɗaya da na wa?" Malam ya fita daga da'irarsa. "'Yata, duba da kyau. Wannan ruwa ne aka ɗaure a fata. Ni tunda nake ban taɓa sa wannan a ƙasata ba. Nawa dogo ne, ɓawonsa kamar fatar jaka, ya yi kwana goma a kwando yana kallonki. Wannan ko kyauta aka ba ni..."

Ya tsaya. Fanka ta juya sau uku. Lauya ya ciro biro ɗaya daga aljihunsa ya duba shi sosai, ya mayar.

Malamar Gona ta kife wayar a kan tebur. "Baba, in na karɓi hoton nan na rubuta, daga baya aka gano, za a cire sunanka daga duk wani tallafi har shekara uku. Ban riga na rubuta komai ba. Zauna ka gaya mini abin da ya faru."

Ya zauna ya gaya mata, tun daga ranar da motoci suka daina zuwa har zuwa rufin ɗakin ajiya. Bai rage komai ba, har da injin, har da hawa na uku. Wajen rufin nan kafaɗun Malamar suka ɗan girgiza, amma takunkumi ya rufa mata asiri.

"Wa ya ce muku sai hoto?" ta tambaya. Ta juyo da fom ɗin ta sa yatsa a ƙarƙashin ƙananan rubutun. "Ga shi: ko wata shaida da jami'i zai iya gani da idonsa, wadda ke nuna yawan abin da aka girbe ba a sayar ba."

"Nan nake shirin zuwa," in ji Lauya.

"To ai garin duka shaida ne," in ji Malam. "Kowa ya ci."

"Shaidar baki ba ta shiga, Baba. Kowa yana da maƙwabci mai baki. Abin da aka ci kuma ba zan iya ganinsa ba." Ta yi maganar a hankali, domin ta ga yadda fuskarsa ta sauya. "Babu rasit? Babu littafin da kake rubuta abin da aka tsinka?"

Babu. Malam ya fara laluben hularsa a kan gwiwa.

Daga benci Inna ta yi gyaran murya. "'Yata, kwando ana ganinsa da ido?"

Ta yi bayani: ɗari da goma sha shida ne suka fita, kowanne cike, kowanne sau ɗaya ya fita domin babu wanda ya dawo balle a sake cika shi. Kowanne da shuɗin fenti a baki, fentin da ya rage ma yana nan a gwangwani.

"Tabbas yana nan," in ji Malam.

Malamar ta yi tunani. "Alhamis da safe zan zo gonar. Ranar ake rufewa. Kwandon da na gani shi zan rubuta. Wanda ban gani ba, babu shi."

A kan hanyar komawa tafiyar Inna ta sauya. Wata shida tana jin nauyin ta je gidan mutane ta ce a ba ta kwandonta. Yanzu gwamnati ce ta aike ta.

Ta fara da Tela. Ya ce shi kam bai tuna da wani kwando ba. Inna ta dubi ƙarƙashin keken ɗinkinsa, inda kwanduna biyu masu shuɗin baki suke cike da ƙyallaye.

"Au, waɗannan? Ai na ɗauka irinsu ne."

"Irinsu ne ƙwarai. Ka kawo su Alhamis."

A makaranta ta tarar da shida, aji-aji, suna aikin kwandon shara. Mai faci ya yanke gindin uku ya kifa su a kan dashen bishiyoyinsa saboda awaki. Mai jegon bayan makaranta ta shimfiɗa zane a cikin ɗaya, jaririnta ba ya barci sai a ciki. A gidan Ungozoma kuwa kaza ce ke kwanci a cikin babban, da ƙwai goma sha ɗaya.

"Inna, saura mako ta ƙyanƙyashe. In na ɗaga ta, ta fasa."

"Ban ce ki ɗaga ta ba. Ku zo tare."

Da farko mutane sun yi ta noƙewa, domin babu mai son a gan shi a hanya ɗauke da abin da ya riƙe wata shida. Sai da labarin hawa na uku ya zagaya. Ungozoma ce ta yaɗa shi, gida-gida, tana cewa, "Mutumin da ya ciyar da mu mako bakwai za a kai shi sama a ajiye kamar tsohuwar katifa." Tela kuma ya ƙara da cewa in aka ba da hayar gonar, wanda zai karɓa ba lallai ya san amfanin gindin bishiya ba. Wannan maganar ma ta yi aiki.

Alhamis da hantsi Malamar Gona ta iso a babur, ta tarar da layi daga ƙofar gona har kwanar hanya. Kowa da kwando, wasu a ka, wasu a hammata, kuma kowa yana kallon wani wuri daban don kada ya haɗa ido da Inna. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa da gwangwanin fenti a hannu, tana amsa gaisuwa da fara'ar da ta fi faɗa ciwo.

"Sannu da zuwa, Malam Shugaban Makaranta. Yara suna lafiya? Kwanduna ba su ba ku wahala ba?"

Malamar ta zauna a kan kujerar da aka fito mata da ita. Kowane kwando sai ta duba fentin, ta leƙa ciki ta ga jan tabo a gindi, ta yi masa alama da alli. Allin nan ya ɓata wa Lauya rai, domin ya riga ya fara raɗa wa mutane su zagaya ta bayan shinge su sake shiga layi. A kwando na bakwai Malam ya sa farce a tsakanin saƙar ya ciro wani busasshen irin tumatir.

"Kin gani, 'yata? Ga shi nan. Nawa ne. Dubi faɗinsa."

"Na gani, Baba."

Ya sa shi a aljihu. Daga nan duk kwandon da ya wuce hannunta sai ya bi ta hannunsa, kafin a gama aljihun ya yi nauyi.

Jaririn ya zo a cikin nasa yana barci, aka yi masa alli a gefe a hankali. Da aka zo kan kazar, Malamar ta miƙa hannu za ta leƙa gindin, kazar ta sare ta a yatsa.

"Wannan na yarda da shi," ta ce.

Tamanin da uku aka samu, har da marasa gindin. Sauran wasu sun karye, wasu sun bi baƙi zuwa wasu garuruwa, wasu kuma Inna ta san gidan da suke, ta kuma san masu gidan sun san ta sani.

"Ranki ya daɗe, a cike mana zuwa ɗari mana," in ji Lauya. "Ai lissafi ya fi kyau a dunƙule."

"Abin da na gani zan rubuta."

"Haka za ta rubuta," in ji Malam, bai ko dubi Lauya ba. Sannan ya matso kusa da ita ya rage murya. "'Yata, tamanin da ukun nan, zai kai inji?"

"Sabo dai ba zai kai ba, Baba."

Makanike, wanda ya kawo kwando biyu masu baƙin mai, ya ce, "Akwai wani na hannu a shagona. Yana tari da safe, amma in ya tashi ba ya tsayawa."

"Kamar ni ke nan," in ji Malam.

Saura hoto. Malamar ta ce a tara kwandunan wuri ɗaya inda allon gonar zai fito. Aka jibge su a gindin bishiya, tsibi har ya kusa taɓa reshe, kaza a gaba, jariri a gefe. Aka tsayar da Malam da Inna. Wannan karon babu wanda ya ce wa kowa ya ɓata rai. Malamar ta buga hatimi, Malam ya sa hannu, Lauya ya ba da aron biro, ya kuma tabbatar kowa ya ga nasa ne.

Inna ta ce Malamar ba za ta tafi da yatsa yana jini ba. Ta ja ta cikin gida, ta wanke mata, ta ɗaure, ta haɗa mata shayi, ta cika mata leda da busasshen tumatirin rufi. Malam ya biyo su yana bayanin yadda ake jiƙa shi. Duka-duka ba su yi rabin awa ba.

Da suka rako ta waje, gindin bishiya fayau. Babu layi, babu tsibi. Can a kwanar hanya Tela yana tura kekensa, kwanduna biyu a ɗaure a baya.

"Tela!" Inna ta ƙwala kira. "Ina za ka da su?"

Ya waiwayo da mamaki na gaskiya a fuskarsa. "Inna, ai a gindin bishiya aka ajiye."

Uku ne suka rage, marasa gindin nan na mai faci. Inna ta ɗauki ɗaya ta leƙa ta cikinsa, ta hango mijinta ta ɗaya gefen. Ya buɗe baki.

"In ka ce kar a zubar," ta ce, "ni zan kai ka hawa na uku da kaina."

Ya rufe bakin. Amma da ta juya ya tattara su ya kai bayan gida, inda yake da wasu dashen lemo da awaki suka matsa wa.

Bayan mako biyar saƙon kuɗin tallafi ya shigo wayar Inna, saura kwana tara dashe. Makanike ya kawo injin a amalanke, suka kafa shi a bakin rafi. Ya yi tari sau huɗu, ya yi baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Ruwa ya biyo tiyo ya shiga kunya ta farko. Malam ya sa aka kira Auta, da ta ɗauka sai ya kara wayar a jikin injin.

"Baba? Baba, mene ne wannan ƙarar?"

"Ba da ke nake ba," in ji shi da ƙarfi. "Da hawa na uku nake."

Da ɗan abin da ya rage Inna ta sayi kwanduna ashirin. Ta shafa musu fenti, ta jera su a ɗakin ajiya, ta karɓe mukullin daga hannun Lauya ta rataya a wuyanta. Sannan ta tsaya tana kallon tagar nan da aka ɗaure da waya.

"Malam, a kafe tagar nan. Yau."

"Babu ƙusa."

Ta ɗauko gwangwanin nan na lanƙwasassun ƙusoshi ta dire a gabansa. Ya dube shi, ya dube ta, ya jawo dutse da guduma ya zauna a inuwa. Ya zaɓi ƙusa ta farko, ya ɗora ta a kan dutsen, ya fara miƙe ta a hankali.